Ƙananan Hukumomin Ƙaraye da Rogo: Ƙasa, Jama'a da Tsarin Mulki

Ƙaraye da Rogo suna daga cikin ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano, suna kuma kudu maso yammacin jihar. Mun haɗa bayaninsu a shafi guda ne domin asali ƙasa ɗaya ce: daga tsohuwar Ƙaramar Hukumar Ƙaraye aka fitar da Rogo, kuma har yanzu masarauta ɗaya suke, ɗan Majalisar Wakilai ta Tarayya ɗaya ke wakiltarsu.

Iyaka da Yanayin Ƙasa

Faɗin ƙasar Ƙaraye ya kai murabba'in kilomita 479, na Rogo kuwa 802. Wato 'yar da aka fitar ta fi uwar girma nesa ba kusa ba. Ƙaraye ta yi iyaka da Gwarzo ta arewa, da Ƙiru ta gabas, da Rogo ta kudu, sannan Jihar Katsina ta yamma. Ita Rogo jihohi biyu ta taɓa: Katsina ta wajen Ɗanja, da Kaduna ta wajen Maƙarfi. Wannan ya sa mutanen ƙauyukan bakin iyaka kan ci kasuwannin waɗancan jihohi, su kuma ƙulla auratayya da mutanensu, kamar yadda suke yi da 'yan'uwansu Kanawa.

Damina kan faɗi a watan Mayu ko Yuni, ta ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Ruwan sama a nan ya fi na arewacin jihar yawa, shi ya sa masara ke yi sosai, ga dawa da gero da waken suya da barkono. A fadamu kuma ana noman rake, wanda ake sarrafa wani kaso nasa ya zama mazarƙwaila, da tumatir da albasa a lokacin rani.

Madatsar Ruwa ta Chalawa

Babu abin da ya sauya fuskar wannan yanki kamar madatsar ruwa ta Chalawa, wadda ke ƙasar Ƙaraye, kimanin kilomita 90 daga birnin Kano. An gina ta tsakanin 1990 da 1992. Tsayin bangonta mita 42 ne, tsawonsa ya kusa kilomita 8, tana kuma iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 900. Bayan madatsar Tiga, babu wadda ta kai ta girma a jihar.

Ruwan da aka sako daga nan shi ke bin Kogin Chalawa ya isa matatar ruwa ta Panshekara, wadda ke shayar da wani ɓangare na birni, daga bisani ya haɗu da Kogin Kano su zama Kogin Haɗeja. Ke nan manomin shinkafa a Haɗeja da masunci a fadamun Nguru duk suna da rabo a ruwan da ke kwance kusa da Turawa. Su kuwa mutanen yankin sun sami kamun kifi da noman rani, amma sun biya farashi, domin ruwan ya cinye gonaki da ƙauyuka, aka sauya wa jama'a matsuguni.

Muna jan hankalin dagatai da kansiloli a kan wani abu da ake yawan ruɗewa a kansa. Madatsar tana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ta Gwamnatin Tarayya ce. Shugaban ƙaramar hukuma ba shi da ikon buɗe ƙofar ruwa ko rufe ta. Abin da ke wuyansa shi ne isar da kuken jama'a da kuma sanar da su gargaɗin ambaliya a kan lokaci. Abin da ke hannunmu mu duka shi ne noman da ake yi har bakin gaɓa da saran itatuwa, waɗanda ke zubo yashi da laka cikin madatsar, suna rage mata zurfi shekara bayan shekara.

Akwai kuma ƙaramar madatsa ta Kusalla, inda sansanin horar da masu yi wa ƙasa hidima na Jihar Kano yake.

Yawan Jama'a

Ƙidayar 2006 ta nuna cewa Ƙaraye na da mutum sama da 140,000, Rogo kuma kusan 228,000. In aka raba da faɗin ƙasa, kowacce na da kusan mutum 290 a murabba'in kilomita guda, wato matsin da ke kan gona a wuraren biyu kusan ɗaya ne. Mafi yawan jama'a Hausawa ne da Fulani, Musulmi, manoma da makiyaya.

Sai dai waɗannan alƙaluma sun tsufa. An shirya sabuwar ƙidaya a 2023, aka ɗage ta, don haka jaririn da aka ƙirga a goye a 2006 yau ya isa aure. Yawan jama'a na cikin ma'aunan rabon kuɗi daga asusun tarayya, da shi kuma ake lissafin ajujuwa da allurar riga-kafi. Saboda haka rajistar haihuwa a wurin jami'an Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ba ƙaramin abu ba ne ga ƙauyen da ke neman makaranta ko ɗakin shan magani.

Tsarin Mulki

Kowace daga cikin biyun tana da shugaba da mataimakinsa da kansiloli goma, ɗaya daga kowace mazaɓa. Mazaɓun Ƙaraye su ne Daura, Kafin Dabga, Ƙaraye, Kurugu, Kwanyawa, Tudun Kaya, Turawa, Unguwar Hajji, Yammedi da Yola. Na Rogo kuwa su ne Beli, Falgore, Fulatan, Gwangwan, Jajaye, Rogo Ruma, Rogo Sabon Gari, Ruwan Bago, Zarewa da Zoza. A lura, wannan Falgore dabam take da dajin Falgore na hanyar Jos. A Majalisar Dattawa duka biyun suna mazaɓar Kano ta Kudu.

Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu da ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, da kuma sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓun shugabanni ne kaɗai doka ta sani.

Sarauta

Ƙaraye tsohon gari ne mai ganuwa. Tarihin Kano ya ambaci yadda Wambai Giwa ya zauna a nan a ƙarni na 17 yana kare ƙasar daga Katsinawa, kuma Sarkin Ƙaraye ya daɗe cikin manyan sarakunan ƙasar Kano. A 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ɗaga Ƙaraye ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya, da ƙananan hukumomi takwas. An soke wannan doka a watan Mayun 2024, sannan a watan Yulin shekarar Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a wata dokar da ta mayar da ita masarauta mai daraja ta biyu, wadda ta ƙunshi Ƙaraye da Rogo kaɗai. Rikicin gona ko na burtali daga wurin mai unguwa yake farawa, ya je ga dagaci, ya wuce ga hakimi, kafin ya kai fada ko kotu.