Daga Rumbun Kambirij zuwa Aljihun Mutumin Yasore: Tarihin Sana'ar Zana Ƙwaƙwalwar Na'ura

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Batsari da Safana. A garuruwa irin su Yasore, waya ta koma fitila da agogo har tsawon watanni. A lokacin ne jama'a suka ga yadda ciniki da zumunci suka rataya a kan wannan 'yar na'ura. Abin da ba kasafai ake tambaya ba shi ne: wa ke zana ƙwaƙwalwar da ke cikinta, kuma ta wace hanya mutum ke shiga wannan sana'a?

Ƙwaƙwalwar waya 'yar ƙwaya ce ta silikon da ba ta wuce girman farce ba, ɗauke da miliyoyi ko biliyoyin tiransisto masu kunnawa da kashe wuta. Har zuwa shekarun 1970, kamfanin da ya mallaki masana'anta shi ke zana ta, ilimin kuwa sirri ne na cikin gida. Malamai biyu a Amurka, Carver Mead da Lynn Conway, su suka fasa wannan ƙwai. Sun tsara ƙa'idoji masu sauƙi da ɗalibi zai bi ya yi zane ba tare da ya taɓa shiga masana'anta ba. A 1978 Conway ta koyar da darasin a jami'ar MIT, aka kai zanen ɗalibanta aka ƙera, suka riƙe abinsu a hannu. Littafinsu ya fito a 1980, jami'o'i suka rungume shi. Daga nan zane ya zama sana'a mai cin gashin kanta.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka ci moriyar wannan sauyi shi ne wani ƙaramin kamfani a Kambirij ta Ingila mai suna Acorn. Injiniyarsa Sophie Wilson, tun tana ɗaliba, ta fara gwada basirarta ne a kan na'urar da ke auna wa shanu abinci. Ita da Steve Furber suka jagoranci zana sabuwar ƙwaƙwalwa, ba kuɗi mai yawa, ba ma'aikata masu yawa. Rashin ya tilasta musu sauƙaƙa zanen, sauƙin kuma ya sa ba ta cin wuta sosai. A ranar 26 ga Afrilu, 1985, aka gwada ta farko, mai tiransisto kusan 25,000, ta kuma yi aiki a gwajin farko. A Nuwamba 1990 aka ware wannan sashe ya zama kamfanin Arm, da injiniyoyi 12 a wani tsohon rumbu a ƙauyen Swaffham Bulbeck. Arm bai taɓa gina masana'anta ba. Zane yake sayarwa, ya karɓi lada a kan kowace ƙwaya da aka ƙera. Yau kusan duk wayar zamani da ke kasuwar Batsari, Tecno ce ko Samsung, a kan tsarinsa take tafiya.

Abin da ya ƙarfafa wannan tsari shi ne kafa TSMC a Taiwan a 1987. Morris Chang ya gina masana'antar da aikinta kawai ƙera zanen wasu. Sai duniya ta rabu gida biyu: masu ƙira, waɗanda ke buƙatar biliyoyin daloli, da masu zane, waɗanda jarinsu kwamfuta ne da kaifin tunani.

Rayuwar aiki a kamfanin zane ba ta yi kama da abin da ɗalibi ke hasashe ba. Sabon ma'aikaci ba ya riƙe ƙarfen walda. Yana zaune gaban kwamfuta yana rubuta bayanin yadda wuta za ta bi, da harsuna irin su Verilog. Da yawa ana fara ɗora su a kan tantancewa, wato farautar kuskure a zanen da wasu suka yi, aikin da yakan cinye kaso mafi girma na lokacin kowane shiri. Dalilin a fili yake. Manhaja ana gyara ta bayan ta fita, amma abin da aka toya a silikon ya zauna ke nan. A 1994 kuskuren lissafin rabawa a ƙwaƙwalwar Pentium ya jawo wa Intel asarar dala miliyan 475. Shi ya sa sana'ar ta fi son mai haƙuri a kan mai gaggawa, ana kuma koyon ta kamar yadda ake koyon ƙira ko dukanci: shekaru a gefen gwani, kafin a bar wa mutum wani sashe ya riƙe.

Darasin da ya fi kusa da Arewa yana Indiya. A 1985 kamfanin Texas Instruments ya buɗe cibiyar zane a Bangalore. Farantin tauraron ɗan'adam da zai haɗa ta da Amurka, a kan amalanken shanu aka kai shi ofis. Ba hanyoyi ko wadatar lantarki suka jawo kamfanin ba, injiniyoyi ne da jami'o'in ƙasar suka yaye. Yau manyan kamfanonin duniya a wannan fage suna da cibiyoyin zane a can.

Ƙofar ta ƙara buɗewa a 'yan shekarun nan. Tsarin RISC-V, wanda aka fara a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2010, kyauta ne ga kowa. A 2020 Google da SkyWater suka saki ƙa'idojin ƙira na wata masana'anta a fili, ta yadda ɗalibi zai iya yin zane na gaske da manhajojin kyauta. Wanda ke karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Bayero, ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011 a maƙwabtan Safana, yana iya samun kayan aikin da Conway ta yi wa ɗalibanta fafutukar samu.

Sai dai tarihin ya nuna cewa sana'ar tana da sharuɗɗa uku: lissafi mai ƙarfi tun daga sakandare, malamin da ya taɓa kai zane har ƙira, da layin sadarwa da ba ya yankewa. Na farko da na uku su ne rashin tsaro ya fi taɓawa a yammacin Katsina, inda aka sha rufe makarantu. Don haka tambayar ko yaron Yasore zai zama mai zana ƙwaƙwalwar waya ko mai sayen ta kawai, ba a masana'anta za a amsa ta ba. A ajin lissafi na makarantar garinsu za a amsa ta, idan ajin ya kasance a buɗe.