Daga Gayya Zuwa Inshora: Tarihin Tsaron Gida da Kayansa a Ƙasar Dutse

Kalmar inshora baƙuwa ce a bakin Hausawa, amma masifar da aka ƙago ta dominta ba baƙuwa ba ce. Tun kafin Turawa su ci Kano a 1903, mutanen ƙasar Dutse sun san gobarar hunturu, sun san ruwan marka mai cin gindin katanga, sun kuma san harin Ningawa wanda ya addabi kudu maso gabashin Kano a ƙarni na 19. Abin da za a duba a nan shi ne yadda suka riƙa tayar da gida bayan ya faɗi, da dalilin da ya sa wannan hanya ta fara gazawa, alhali kuwa wadda aka kawo don ta gaje ta ba ta zauna da gindinta ba. Ƙasar Dutse kuwa, ana nufin Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu da Buji da Gwaram da Jahun da Miga.

Lalle ne a fara da shi gidan kansa. Gidan manomi na dā, ƙasa ce da ciyawa da itace. Ƙasar gini daga kududdufin bayan gari ake haƙo ta, a kwaɓa, a yi tubali; ciyawar jinka da karan danga daga gona da daji suke fitowa; azara kuwa daga giginya. Babu abin da ake saye da kuɗi masu yawa, sai ko ladan magini. Ashe ke nan darajar gida ba kuɗi ba ce, aiki ne, aiki kuwa yana hannun dangi da maƙwabta. Idan wuta ta ci ɗakunan mutum, akan kira gayya, samari su kwaɓa ƙasa, dattawa su yi yanta, mata su dama fura, kafin damina ta faɗi ya koma ɗakinsa. Da Bahaushe ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ba misali kawai ya buga ba, yadda ake aikin ya faɗa.

Kayan gida ma da tasu dabara. Ba a kan tara dukiya a wuri ɗaya: hatsi yana rumbu nesa da murhu, akuya da tunkiya suna kiwo a hannun wani ɗan'uwa a wani ƙauye, wani abin kuma an ba da shi ajiya. Idan asara ta auku sai a zo jaje, jaje kuwa ba a zuwansa hannu rabbana. Wannan ya kawo damin gero, wancan tabarma, wata ta kawo ƙwarya ko zane. Wanda ya duba da kyau zai ga cewa wannan tsari yana da kuɗin shiga kamar kowace inshora, sai dai ba a rubuta shi a takarda. Mutumin da ba ya zuwa gayyar kowa, ba ya zuwa jajen kowa, ranar da tasa ta same shi sai ya ga tsakar gidansa fayau.

Amma akwai rauni guda a cikin tsarin, kuma shi ne jigon maganar. Gayya tana aiki ne idan masifa ta sami gida ɗaya ko biyar, sauran gari yana tsaye. Idan ta game gari, kamar yunwar 1913 zuwa 1914 ko farin 1973, mai taimako da mai neman taimako sun zama ɗaya, sai a koma ga zakka da rumbun sarki, in sun ƙare sai ƙaura.

Turawa ma irin wannan masifa ce ta koya musu. Gobarar Landan ta 1666 ta cinye gidaje sama da 13,000, kuma bayanta ne aka kafa kamfanonin da ke karɓar kuɗi kaɗan daga mutane masu yawa, waɗanda ba su san juna ba, don a biya ƙalilan da wuta ta shafa. Bambancinta da gayya ke nan: an shimfiɗa asarar a kan jama'a mai faɗi, wadda masifa ɗaya ba za ta haɗa ba. Kamfanin Royal Exchange ya buɗe reshe a Ikko a 1921, amma ba don gidan talaka ya zo ba. Kayan kamfanonin ciniki ya biyo, watau kantuna da ɗakunan ajiyar gyaɗa da fata da auduga. Saboda haka inda dogo ya bi nan inshora ta bi. Layin Kano zuwa Nguru, wanda aka gama a 1930, ta Ringim ya ratsa, ya bar Dutse a gefe, tana zaman gunduma a ƙarƙashin En'e ta Kano.

Bayan samun mulkin kai an yi ta dokoki: ta 1961, da kafa kamfanin gwamnati na NICON a 1969, da dokar 1976, har zuwa kafa hukumar NAICOM a 1997. Duk da haka, ta ƙofar mota ce kalmar ta shigo ƙasar Hausa, domin tun zamanin Turawa doka ta wajabta wa mai mota ya yi inshora. Wannan ya yi wa kalmar mummunan tabo. A wurin direban da ke jigila tsakanin kasuwar Shuwarin da Kano, inshora takarda ce da ake nuna wa ɗan sanda a hanya, ba alkawari ne da ake sa ran za a cika ba. Wanda ya san ta a haka, da wuya ya yi tunanin yi wa gidan ubansa ita.

Sai kuma maganar addini, wadda ba a kan yi mata adalci ba idan ana wannan zance. Wasu sukan ce tawakkali ne ya hana jama'a, amma mutanen da suka gina ganuwa suka ajiye hatsin shekara biyu ba za a ce ba su san tanadi ba. Matsalar malamai ta fiƙihu ce. Sun ga cewa mai biya bai san abin da zai karɓa ba, ko ma zai karɓa, wannan kuwa garari ne mai kama da caca, sannan kamfanin yana juya kuɗin da ruwa. Tun a ƙarni na 19 malamin Sham, Ibn Abidin, ya tattauna inshorar kayan jirgin ruwa, kuma a 1985 Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba, amma ta taimakekeniya ta halatta. Wannan ta biyun ita ce takaful, wadda aka fara kafa wa kamfani a Sudan a 1979. A cikinta abin da mutum ya zuba gudummawa ce ga asusun jama'a, in an yi rara a mayar wa masu asusun. A Nijeriya sai a 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta, kamfanonin Jaiz Takaful da Noor Takaful suka sami lasisi a 2016.

A halin nan shi gidan ya riga ya sake kama. Ranar 27 ga Agusta, 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Dutse ta zama babban birni. Ma'aikata suka taso daga Kano, aka gina rukunan gidaje irin su Takur da 744, a 2011 kuma Jami'ar Tarayya ta zo da nata jama'ar. Gidan yanzu bulo ne da siminti da kwano da wayar lantarki, kuma ko ɗaya daga cikinsu ba a haƙo shi a kududdufi. Ma'aikaci yakan zuba albashin shekara ashirin da kuɗin sallamarsa a gini ɗaya. In wuta ta tashi daga waya ko tukunyar gas, maƙwabta za su zo da ruwa, za su zo jaje, amma gayya ba ta sayen buhun siminti ɗari biyu. Maƙwabcin ma sau da yawa baƙo ne, aiki ya haɗa su, canjin wurin aiki zai raba su.

A karkara kuwa tsohon raunin nan ne ya dawo da ƙarfinsa. Ambaliyar 2001 da ta 2010 da ta 2020 da ta 2022 duk sun game garuruwa ne, musamman fadamun kogin Haɗejiya ta wajen Jahun da Miga, kuma a 2022 ƙauyen Karnaya na ƙaramar hukumar Dutse yana cikin waɗanda ruwa ya rushe. Abin da ya biyo baya shi ne zama a makarantun firamare da rabon tallafi daga hukumomin agaji, da abin da kwamitin zakka na masarauta, wanda marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammad Sanusi ya ƙarfafa, ya iya tarawa. Tallafi alheri ne, amma ba haƙƙi ba ne; ba wanda zai iya kai ƙara don bai sami bandir ɗin kwano ba.

Ita ma inshorar tana da tarkonta ga wanda bai karanta takarda ba. Ta gobara zalla ba ta biyan ɓarnar ambaliya sai an ƙara wannan sharaɗi an biya kuɗinsa. Wanda bai biya kuɗin shekara ba, ba shi da komai. Idan kuma gida na naira miliyan 20 aka rubuta shi miliyan 10, rabin asarar kawai za a biya, abin da faɗuwar darajar naira ke jawowa ko da mai gida bai yi ƙarya ba. Gidan ƙasa mai jinka kuwa, wanda ya fi kowane shiga haɗari, kamfanoni ba su ɗokin karɓarsa. Dokar 2003, wadda ta 2025 ta maye gurbinta, ta wajabta inshora ne a kan gine-ginen da jama'a ke shiga da manyan benaye da ake ginawa, gidan da mutum ke zaune da iyalinsa ba ya ciki.

Akwai kuma wani abu da takardun kamfanoni ba su lura da shi ba, domin an tsara su ne bisa gidan Bature, inda gini da kaya suke da mai su ɗaya. A gidan Bahaushe gini na maigida ne, amma gado da katifa da kujeru da jeren kwanuka na matar gida ne, iyayenta suka yi mata, wani lokaci bayan sun sayar da gona ko sa. A gida mai mata biyu ko uku, masu dukiya uku ko huɗu ke nan a ƙarƙashin rufi ɗaya. Idan an rubuta takarda da sunan maigida shi kaɗai, kuɗin diyya hannunsa zai shiga, alhali a shari'a kayan ɗakin da suka ƙone ba nasa ba ne.