Asalin Makarantar Likitoci ta Severance a Koriya

In aka bi asalin makarantar nan, sai a tarar saran takobi ne mafarinta. A watan Disamba na 1884 aka yi yunƙurin juyin mulki a Seoul, babban birnin Koriya. Cikin rikicin aka sassari wani babban bafade, Min Yeong-ik, ɗan'uwan matar sarki, aka bar shi rai a hannun Allah. Masu maganin gargajiya suka yi iya yinsu, jini ya ƙi tsayawa. Sai aka kira Horace Allen, likitan mishan ɗan Amurka, wanda bai daɗe da sauka ƙasar ba. Ya wanke raunukan, ya ɗinke su da zaren siliki, mutum ya tashi. Sarki Gojong ya ji daɗi, ya ba da gida, aka buɗe asibiti a watan Afrilu na 1885, aka raɗa masa suna Jejungwon. Da shekara ta zagayo aka fara koya wa wasu samari aikin likita a ciki, amma karatun bai yi nisa ba.

Wanda ya tsayar da abin da ƙafafunsa shi ne Oliver Avison, malami a jami'ar Toronto ta Kanada, da ya zo a 1893. A 1900 ya yi jawabi a taron 'yan mishan a New York, ya ce maimakon kowace ɗarika ta riƙe ɗan ɗakin shan magani nata, gara a haɗa ƙarfi a gina asibiti guda na kirki. Wani attajiri, Louis Severance na kamfanin mai na Standard Oil, ya ji, ya ba da dala 10,000. A 1904 aka buɗe sabon asibitin kusa da Ƙofar Kudu ta birnin, da sunan mai kuɗin.

A 1908 ɗalibai bakwai suka gama karatu a makarantar likitoci ta asibitin, aka ba su lasisin likita mai lamba 1 zuwa 7, na farko a ƙasar. Cikinsu akwai Park Seo-yang, ɗan mahauci. To, a Koriya ta dā mahauta su ne ƙashin baya a cikin mutane, har hular da sauran maza ke sawa an hana su. Avison ne ya taɓa yi wa uban Park magani ya warke. Yaron nan shi ya zama likita, ya kuma koyar a makarantar da ta yaye shi.

A 1910 Japan ta haɗiye Koriya. Makarantun likita na gwamnati suka zama 'yan Japan ne a gaba, ɗan ƙasa sai abin da ya rage. Severance kuwa don 'yan Koriya aka yi ta, shi ya sa mahukunta suka sa mata ido. Dokar 1915 ta hana koyar da addini a makarantu masu zaman kansu, ta kuma wajabta harshen Japan. Avison bai ja daga ba, lallami ya zaɓa. Ya cika sharuɗɗa, a 1917 aka yarda da ita a matsayin kwaleji, a 1923 aka ɗauke wa ɗalibanta jarrabawar lasisi ta gwamnati. A ganina da ya yi taurin kai, da an garƙame ta tun da wuri.

Amma lallamin shugaba bai hana na ƙasa motsi ba. A boren neman 'yanci na 1 ga Maris, 1919, Yi Gap-seong, ma'aikacin ɗakin magani na asibitin, yana cikin mutum 33 da suka sa hannu a takardar shelar 'yanci. Frank Schofield, malamin ilmin ƙwayoyin cuta, ya ɗauki hotunan zaluncin sojoji ya fitar da su duniya.

A 1934 Oh Keung-seon ya gaji Avison, shi ne ɗan Koriya na farko da ya shugabanci makarantar. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a 1942, aka tilasta mata sunan Japan, Asahi, sai bayan faɗuwar Japan a 1945 ta koma sunanta. A 1957 aka haɗe ta da jami'ar Yonhi, aka ɗauki gaɓar farko ta kowane suna, aka sami jami'ar Yonsei da ke Seoul a yau.