Mulki, Mallaka da En'e

Yau a kan kalmomi za mu tsaya, domin ni a ganina wani ɓangare na tsoron da talaka ke yi wa hukuma a bakinsa yake kwana.

Ku ɗauki kalmar mulki. Daga Larabci muka aro ta, kuma tushenta ɗaya da mallaka. Wato a asalin kalmar, mai mulki mai abu ne. Idan muka ce mulkin mallaka, kusan abu ɗaya muka faɗa sau biyu. To ga abin mamaki: kundin 1999, a sashe na 14, cewa ya yi iko na jama'a ne, daga hannunsu gwamnati ke samun nata. Amma da muka tashi raɗa masa suna sai muka ce tsarin mulki. Takardar na gaya maka kai ne mai kaya, sunanta na gaya maka kai ne kayan.

Hukuma ma haka. Gidansu ɗaya da hukunci da hakimi, har da hikima. Sai dai ku tambayi kowa a tasha, in ya ji an ce hukuma, hukunci ne ke faɗo masa a rai. Hikimar ta ɓata a hanya.

Wadda ta fi damuna ita ce En'e. Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga bai rushe sarauta ba. Ya bar sarki, ya bar alƙali da dogari da gidan yari, ya ɗora Razdan a bisa kansu. Wannan tsari shi doka ta kira Native Authority, a taƙaice N.A. Kalmar farkon nan da ita Bature ke kiran mutanen da ya mallake, ba ta girmamawa ba ce. Bahaushe bai fassara ba, haruffan biyu kawai ya haɗiye, suka zama En'e. Kun ga ke nan sunan bai gaya wa kowa wa ya kafa abin ba, balle inda iyakar ikonsa ta tsaya. Mutumin ƙauye da ke biyan haraji da jangali rawani yake gani, sai ya ɗauka ikon nan gadon kaka da kakanni ne zalla. Alhali takardar Gwamna ce ke naɗawa, ita ke tuɓewa. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, haka aka tuɓe shi aka kai shi Lakwaja.

Da Aminu Kano da abokansa na NEPU suka riƙa cewa En'e hukuma ce da za a iya tuhuma, sai aka ce musu marasa kunya masu zagin iyayen ƙasa. Wasu sun sha bulala, wasu ɗauri. Ta yaya za ka kai ƙarar wanda aka ce ubanka ne?

A wancan zamani masu tsaro iri biyu ne. Na En'e ana ce musu 'yan doka, na gwamnati 'yan sanda. Kada ku ɗauka 'yan dokar salihai ne, su ne ma ke kamo 'yan NEPU. Amma bayan juyin mulkin 1966, da sojoji suka narkar da su cikin rundunar tarayya, sunan da ke ɗauke da doka shi ya mutu. Na sandar ne muka gada, shi muke kira har yau.