Mawaƙi a Fim: Daga Hollywood zuwa Agadas

A shekarar 1956 Elvis Presley, saurayi ɗan shekara 21 daga kudancin Amurka, ya fito a fim ɗinsa na farko, Love Me Tender. Kafin nan kiɗansa na rock and roll ya riga ya tada ƙura: samari da ƴan mata na rububinsa, iyaye na tsine wa rawarsa. Daga wannan shekara zuwa 1969 ya yi finafinai 31. Ban da wasu ƴan wasanni a Kanada a 1957, bai taɓa hawa dandali a wajen ƙasarsa ba, don haka faifai da majigi ne suka kai shi sauran duniya.

Finafinansa na farko, irin su Jailhouse Rock na 1957 da King Creole na 1958, suna da labari mai nauyi, kuma sun nuna yaron ya iya wasa. Sai aikin soja ya ɗauke shi shekara biyu, mafi yawansu a Jamus. Da ya dawo a 1960 ya yi G.I. Blues, fim na raha da waƙoƙi, aka samu kuɗi. Ya sake gwada labari mai nauyi a Flaming Star da Wild in the Country, kasuwa ba ta yi armashi ba. A 1961 Blue Hawaii ya raba gardama, domin faifan waƙoƙinsa ya yi mako 20 yana kan gaba a jerin mujallar Billboard. Daga nan manajansa, Kanal Tom Parker, da masu shirya fim irin su Hal Wallis suka kama hanya ɗaya ba su sake ta ba: wurin shaƙatawa, ƴan mata, tseren mota ko jirgin ruwa, ɗan dambe kaɗan, sai waƙa a kowace kwana. Akan yi fim har uku a shekara, kowanne da faifansa, fim na tallan faifai, faifai na tallan fim.

Viva Las Vegas na 1964, wanda ya yi da Ann-Margret, yana cikin waɗanda suka fi karɓuwa. Bayansa inganci ya yi ta raguwa. Harum Scarum na 1965 labari ne na wata ƙasar Larabawa da ba ta wanzu ba, aka haɗa shi cikin sutudiyo. A lokacin mawaƙan The Beatles sun shigo Amurka daga Ingila sun kwashe matasa. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, amma kwantiragi ya ɗaure Elvis a tsohuwar rawa. Sai a Disambar 1968, da wani shiri na tashar NBC, ya koma waƙa gaban jama'a, ya farfaɗo da sunansa. Ya rasu a 1977 bai samu irin fim ɗin da ya yi buri ba.

Wannan ciniki na waƙa ta sayar da fim ba baƙo ba ne ga Bahaushe, sai dai ta hanyar finafinan Indiya ya zo mana. Finafinan bidiyo na Kano sun fara da Turmin Danya a 1990, kuma bayan nasarar fim ɗin Sangaya ƴan kasuwa suka fara tambayar waƙa kafin labari. Har yau, wanda ya zauna a fadar samari a unguwar Dar es Salam ta Yamai zai ga alamar haka: shayi na kan gawayi, kawuna sun haɗu a kan waya ɗaya, mai wayar yana jan yatsa yana tsallake zance don a kai ga waƙar.

Nijar kuwa ta daɗe da sanin aron fim ɗin Amurka a mai da shi na gida. A 1966 Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier, inda wani saurayi ya dawo daga tafiya da tsarabar kayan kaboyi, abokansa suka saka, suka hau dawakai suka addabi ƙauye. Zalika Souley da Djingarey Maïga suna cikin ƴan wasan. Jean Rouch ma, tare da Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia da Tallou Mouzourane, ya yi Cocorico Monsieur Poulet a 1974, fim na barkwanci da ƴan wasan ke ƙirƙiro zancensu da kansu.

Kan wannan turba fim ɗin mawaƙi ya iso Agadas. Mdou Moctar, Buzu mai kaɗa jita da hannun hagu, ya haɗa jitarsa ta farko da kansa da wayar birkin keke. A 2008 ya je Sakkwato ya naɗi faifansa Anar, da irin gyaran murya na kwamfuta da aka sani a waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya har Mali, inda Christopher Kirkley, Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds, ya ji su ya shiga neman mai su.

Su biyun, tare da Jérôme Fino, suka fitar da Akounak Tedalat Taha Tazoughai a 2015, da harshen Tamashek. An gina shi kan Purple Rain, fim ɗin mawaƙi Prince na 1984, amma mutanen Agadas ba su ɗauki labarin yadda yake ba. Abin da bai dace da al'ada ba suka cire, suka sa rayuwarsu: kiɗan biki, kishi tsakanin makaɗa, satar waƙa ta wayar salula, da uba mai riƙon addini wanda ba ya son ganin jita a gidansa. Mdou ya fito da sunansa, da rawaninsa, a kan babur.

Bambancin labaran biyu yana ga wanda ke riƙe da linzami. A Hollywood manaja da kamfani ne suka tsara wa Elvis abin da zai rera, suka ci riba, shi kuwa shekarunsa na ƙarfi suka tafi. A Agadas kuɗin kaɗan ne, amma makaɗan na da ta cewa a labarin, kuma Mdou bai mai da fim sana'a ba. Ya koma kan jita, ya fitar da Ilana a 2019, sannan Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024 a ƙarƙashin kamfanin Matador na Amurka. Abokin kiɗansa Ahmoudou Madassane ne ya ja fim na gaba da Kirkley ya yi a Agadas, wato Zerzura, a 2017.