Gansakuka: Abin da ya kamata a sani game da amfaninta da haɗarinta

Gansakuka ita ce koren nan da ke lulluɓe ruwan kududdufi, ko kwata, ko tafkin kifi, idan ruwa ya daɗe a kwance. A unguwannin birnin Gombe irin su Barunde da Pantami da Bolari, ana yawan ganinta a magudanan ruwa, kuma ƙazanta ake ɗaukarta. Masana kimiyyar tsirrai kuwa sun daɗe suna nazarinta, domin a cikin danginta akwai wadda ake ci, da wadda ke tsaftace gurɓataccen ruwa, da kuma wadda ke kisa. Abin da ke rarrabe su shi ne jinsin gansakukar da kuma irin ruwan da ta tsiro a cikinsa.

Mece ce ƙaramar gansakuka?

Ƙananan gansakuka halittu ne da akasarinsu ƙwayar halitta ɗaya tak suke da ita, ba a ganinsu ɗaya-ɗaya sai da madubin hangen ƙananan halittu. Ba su da saiwa, ba ganye, ba fure, amma suna haɗa abincinsu da hasken rana kamar sauran tsirrai: suna zuƙar iskar kabon dayoksaid, su fitar da oksijin. An ƙiyasta cewa kusan rabin oksijin da ake samarwa a duniya daga irin waɗannan halittu na cikin teku yake fitowa.

Jinsunan da aka fi nomawa sun haɗa da Chlorella da Dunaliella da Spirulina. A ƙa'idar kimiyya, Spirulina tana cikin dangin bakteriya masu launin shuɗi-kore, amma ana lissafa ta da gansakuka saboda yanayin rayuwarsu iri ɗaya ne.

Abincin da aka gada a Tafkin Chadi

Tun kafin masana su waiwayi Spirulina, matan Kanembu na ƙasar Chadi suna girbinta a ƙananan tafkunan kanwa da ke gabas da arewa maso gabashin Tafkin Chadi, irin su Tafkin Kossorom. Sukan ɗebo koren ruwan, su zuba shi a ramin da suka shafe a cikin yashi. Yashi ya tsotse ruwan, rana ta busar da abin da ya rage, sai a yayyanka shi a kai kasuwa. Sunansa dihe, kuma da shi ake kaɗa miyar tuwon gero.

A 1940 masanin Faransa Pierre Dangeard ya yi bayanin dihe, amma ba a mai da hankali ba sai a tsakiyar shekarun 1960, lokacin da masanin tsirrai ɗan ƙasar Beljiyam, Jean Léonard, ya gan shi a kasuwar Fort-Lamy, wato Njamena ta yanzu. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna cewa kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na nauyin busasshiyar Spirulina furotin ne, ga kuma sinadarin ƙarfe da jiki ke buƙata wajen gina jini.

A yau ana nomanta a manyan tafkuna a Sin da Indiya da Amurka, ana sayar da ita gari ko ƙwayoyi, ana kuma sa ta a abincin kifi da kaji. A 2013 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shuɗin launin da ake tatsa daga gare ta domin rina alewa da cingam.

Yadda take tsaftace gurɓataccen ruwa

Ruwan da ke fitowa daga bayan gida da mahauta cike yake da naitirojin da fosfaros, sinadaran da ake samu a takin zamani, kuma su ne abincin gansakuka. A shekarun 1950 William Oswald na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya nuna yadda za a sarrafa wannan ɗabi'a: bakteriya na narkar da ƙazanta suna fitar da kabon dayoksaid, gansakuka na amfani da shi tana ba su oksijin. Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ke nan, kuma rana ce ke tafiyar da aikin a madadin injin hura iska.

A aikace, ana jera tafkuna uku. Na farko yana da zurfin mita 2 zuwa 5, a nan daskararriyar ƙazanta ke kwanciya. Na biyu, mai zurfin mita 1 zuwa 2, shi ne inda gansakuka da bakteriya ke aikinsu. Na uku bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, kuma a cikinsa hasken rana da kaifin kanwar da ruwan ke yi da tsakar rana ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da irin waɗannan tafkuna a Samaru, kuma a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai an gwada haɗa su da tsirran ruwa da kiwon karfasa.

Tsarin ya dace da birni kamar Gombe, mai zafin rana a mafi yawan watannin shekara, inda gidaje suka dogara da shadda da sokawe, ga kuma buƙatar wurin da motocin kwashe bahaya za su riƙa juyewa. Sai dai yana cin fili, kuma idan aka bar ciyawa ta cinye gefen tafkunan, sun zama gidan sauro. Gansakuka tana kuma tsotse ƙarafa masu guba, irin su kuromiyam da ake samu a ruwan masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano. Saboda haka wadda aka girba daga irin wannan ruwa ba ta dace da cin mutum ko dabba ba.

Darasi daga maganin gargajiya

Ana yawan tallata garin Spirulina a matsayin maganin cututtuka iri-iri, alhali abin da aka tabbatar a kanta shi ne gina jiki. Hanyar da tsiro ke bi ya zama magani doguwa ce, kuma Najeriya tana da misali. Cibiyar binciken harhaɗa magunguna ta ƙasa, NIPRD, da ke Abuja, ta samar da Niprisan domin masu cutar sikila a shekarun 1990, daga haɗin wani mai maganin gargajiya. Haɗin ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace dangin madobiya. Sai da aka tantance tsirran, aka auna gubarsu, aka gwada maganin a kan marasa lafiya, sannan aka fitar da shi. Duk wani iƙirari da ake yi wa gansakuka sai ya bi wannan hanya kafin a dogara da shi.

Haɗarin da ke tattare da ita

Wasu jinsuna, musamman Microcystis, suna fitar da guba mai lalata hanta, wadda tafasa ruwa ba ta kawar da ita. A 1996, a garin Caruaru na ƙasar Burazil, fiye da mutum 50 masu wankin ƙoda suka rasu bayan an yi amfani da ruwan wata madatsa mai ɗauke da gubar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa a ruwan sha na yau da kullum, kada nau'in gubar da aka fi sani ya wuce maikurogiram 1 a kowace lita.

Wannan batu ya shafi Gombe, domin ruwan famfon birnin daga madatsar Dadin Kowa da ke kan Kogin Gongola yake zuwa. A kowace madatsa, takin zamani da ruwan sama ke wankowa daga gonaki yana ƙara wa gansakuka abinci, shi ya sa auna ruwa a kai a kai yake da muhimmanci. Sanin jinsunan da ke cikin Dadin Kowa da madatsar Balanga fage ne na bincike ga Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Tarayya ta Kashere.

Ga jama'a kuwa, ido ba ya iya bambance mai guba da marar guba. Kada a sha, ko a shayar da dabbobi, ko a bar yara su yi wanka a ruwan da ya yi kore kamar an zuba fenti. Mai sayen garin Spirulina kuma ya duba lambar rajistar hukumar NAFDAC a jikin mazubin, sannan mai juna biyu ko mai ciwon ƙoda ko hanta ya nemi shawarar likita kafin ya fara sha.