Wa ke biyan ƙarin kayan mota da suka salwanta a gyaran garanti?

Garanti alkawari ne da kamfanin ƙera mota ke ɗauka na gyara lahanin da ya samo asali daga masana'anta kyauta. Sai dai alkawarin ya tsaya ne kan motar yadda ta fito. Abin da mai ita ya ƙara daga baya, kamar baƙin gilashi, lasifika ko gyararriyar manhajar kwamfutar inji, galibi ba ya cikin lissafi. Idan gyaran ya tilasta sauya gilashin ko sabunta manhajar, kuɗin mayar da ƙarin yana wuyan mai motar.

A Amurka, dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana soke garanti don kawai an saka kayan wani kamfani, sai an nuna su ne suka jawo matsalar.

Hukuncin sakaci daban ne: garejin da ya ɓatar ko ya lalata kayan da aka damƙa masa, shi ke biya. A Najeriya, hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye tana karɓar irin wannan koke.

Hujja ce ke raba gardama: hotunan motar, rasit, da rubutaccen jerin kayan da gareji ya sa wa hannu kafin a miƙa makulli.